Barcin da Aka Ce Inna Tana Yi

Donggang, farkon damina

Zuwa ga Yaya Kun-shan,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Shu-luan, da fatan wannan takarda za ta same ka tsaye a kan ƙafafunka, ba kwance da ciwon bayan nan naka da kake ɓoye wa kowa ba. Ina yi maka fatan ruwa mai kwanciya, da iska mai hankali, da abokan aiki marasa yawan magana. Gwaggo Kim-ki ba ta fasa kai turare ɗakin bautar Uwar Teku kowace safiya da sunanka ba. Ni ka san hannuna bai iya riƙon turare ba, amma na tsinci kaina ina sauraron labarin yanayi a rediyo, na tekunmu na nan wanda ba shi da haɗi da inda kake, kuma idan aka ce ruwa lafiya sai in ji hankalina ya kwanta. Kada ka gaya wa Gwaggo, za ta ce ta ci nasara.

Gida lafiya gwargwado. Matarka Siu-ching ta rame kaɗan, amma tana tsaye a kan komai. 'Yarka Gek-ling ta kusa kamo ni tsawo, kuma ta fara amsa tambaya da tambaya, abin da ake cewa a wurina ta ɗauko. An gyara rufin kicin. Wakilin kamfaninku zai hau jirgin sama zuwa Cape Town, ya ce jirgin ruwanku na kamun kifi zai shiga can shan mai nan ba da daɗewa ba, ya kuma yi alkawarin danƙa maka wannan hannu da hannu. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, maganar da tsawo, kuma ta Inna ce.

Abin da ka sani shi ne abin da saƙon rediyo ya iya ɗauka: huhunta ya cika da ruwa, an kai ta babban asibiti a Kaohsiung, injin ne yake yi mata numfashi. Amsarka ta iso ta ofishin kamfani, cewa a yi duk abin da za a iya, a riƙe ta har ka dawo. Ban ga laifinka ba. Da ni ce a tsakiyar teku da abin da zan faɗa ke nan. Sai dai abubuwa sun faru bayan wannan saƙo waɗanda ba za su shiga layi biyu na rediyo ba.

Na ɗauki hutu daga makarantarmu ta Tainan na taho. Ɗakin da aka sa ta ba a shigarsa sai ɗan lokaci da safe da kuma yamma, sai an sa riga an rufe baki. Na same ta da roba a maƙogwaro, an ɗaure mata hannu biyu a ƙarfen gado da ƙyalle mai laushi don kada ta fizge robar, maganin barci yana ɗiga cikin jijiyarta. Likitan ɗakin matashi ne mai ladabi, da ganinsa ya fi Inna bukatar barcin. Ya ce mana mu kwantar da hankali, ba ta san inda take ba, ba ta jin zafi, barci kawai take yi. Na nemi ya rubuta min sunan maganin, na karanta, na gyaɗa kai yadda ya dace da wadda take koyar da kimiyya. Daga nan muka saki jiki. Ka san yadda ake hira a kan yaro idan ya yi barci a cinya, to haka muka mayar da ita. A kanta na tambayi likita ko akwai sauran fata, a kanta ya ce kaɗan ne. A kanta Gwaggo da matarka suka yi gardamar rigar da za a sa mata ta tafiyar ƙarshe. Matarka tana son mai ruwan ƙasa, Gwaggo ta ce shuɗiyar, wai mai ruwan ƙasar tana sa ta zama kamar dankalin da aka manta a wuta. Gwaggo ta yi rinjaye, kamar kullum. Amma in yi mata adalci, ita kaɗai ce take sunkuyawa idan mun shiga ta ce, “Yaya, ni ce Kim-ki, na zo,” in za mu fita kuma ta yi mata sallama. Na taɓa ce mata ai ba ta ji, ta ce ni ma ba na ji amma ba a fasa yi min magana ba.

Wata safiya likitan ya tare mu a bakin ƙofa ya ce jininta yana sauka, ba ya jin za ta kai yamma, idan muna so ta cika a gida to yanzu ne. Matarka ta yi ta kuka tana maimaita saƙonka, Gwaggo ta ce Kun-shan cewa ya yi a riƙe ta, bai ce a bar uwarsa ta mutu a gidan wasu ta rasa hanyar komawa ba. Aka kawo motar asibiti, da nas guda tana matsa mata jakar iska da hannu don numfashin ƙarshe ya isa gida. Gwaggo ta shiga gaba saboda mota tana juya mata ciki, amma kafin ta rufe ƙofa ta nuna ni da yatsa ta ce, “Ke mai digiri, bakin nan da kike koyar da 'ya'yan mutane da shi, yau ki yi wa uwarki aiki da shi. Duk kwanar da mota ta sha ki faɗa mata, duk gada ki kira ta, kada a bar ta a hanya.”

Yaya, na kira. Da farko ƙasa-ƙasa, ina satar kallon nas ɗin, kamar wadda aka kama tana magana da tukunya. Inna, za mu yi dama. Inna, mun tsaya, fitila ce. Da muka zo babbar gadar nan na ce, Inna, ga gada, ki biyo mu. Ka san tsawonta. Kafin mu kai tsakiya kalmomin da aka ba ni sun ƙare, sai na ci gaba da nawa. Na gaya mata kogin ya janye, ana noman kankana a cikin yashi, an gina wani mummunan gida mai hawa a ƙetare. Nas ɗin ba ta ko ɗaga kai ba. Ina jin ta ga masu digiri da yawa a bayan motar nan.

Mun tarar maƙwabta sun shirya zauren. An jera katakai a kan benci, an rufe gumakan gida da allunan sunayen kakanni da jan ƙyalle, matan layinmu sun tsaya a bakin ƙofa da kukansu a shirye. Aka kwantar da ita. Nas ta zare robar, ta kama mata wuyan hannu, ta dubi agogo don ta rubuta lokaci. Inna ta yi tari. Ta ja numfashi, ta sake ja. Muka tsaya muna jira, kuma ban san yadda zan kwatanta maka kunyar mutanen da suke jiran abin da ba sa so ya zo ba. Nas ta jira har direba ya fara danna ƙaho, ta bar mana tukunyar iskar numfashi ta tafi. Masu kuka suka zame ɗaya bayan ɗaya don ɗora girki. Mai akwatin gawa ya zo da yamma, ya leƙo, ya cire hula, ya ce shi ba ya gaggawa.

Washegari da hantsi ina shafa mata ruwa a leɓe sai ta buɗe ido. Ta dubi rufi, ta dubi jan ƙyallen, ta gane inda aka kwantar da ita da dalilinsa, don ita ma ta shirya wa surukarta wannan zaure da hannunta. Bakinta ya motsa. Na kai kunne, muryar kamar ana goge ƙasan tukunya. Ta ce, “Ba shuɗiyar ba.” Ban gane ba sai da na ga Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa.

Tun daga nan take ba ni labarin a gutsure, gwargwadon iskar da take da ita. Ta ce ba duka ta ji ba. Wani lokaci babu komai, wani lokaci kuma sai ta taso kamar mai nutso ya kusa fitowa, ta ji muryoyi a samanta, amma fatar ido ta fi ƙarfinta. Ta ce akwai ƙaiƙayi a gefen hancinta da ya zauna da ita tsawon kwanakin nan, ba hannun sosawa. Abin da ya fi damunta shi ne ɗaurin. Ba ta san dalilinsa ba, sai ta yi ta bincike a ranta ko wane laifi ta yi aka kama ta. Ta ji ni ina tambayar likita, ta ji amsarsa. Ta ce idan Gwaggo ta ce “na zo” ne kawai take sanin gari ya waye. Na tambaye ta ko ta ji ni a mota. Ta ce ta ji, amma na makara da faɗar gadar, ai mun riga mun hau.

Na kai wannan magana wurin tsohon Likita Ko na nan gari, wanda yake zuwa duba ta a kan babur ɗinsa. Na so ya ce min mafarki ne. Bai ce ba, bai kuma ce ba mafarki ba ne. Ya ce maganin ba ya riƙe mutum a zurfi ɗaya kullum, yana sama yana ƙasa, wasu suna tashi ba su tuna komai ba, wasu suna tuna abin da bai faru ba, wasu kuma suna tuna launin riga. Ya ce su abin da jiki ya nuna suke aunawa, wanda yake ciki kuwa sai ya fito ya ba da labari, kuma yawanci ba sa fitowa. Bai zargi likitocin Kaohsiung ba, ni ma ban zarge su ba. Sun gaya mana abin da suka yi imani da shi, mu kuma muka karɓa da hannu biyu don ya yi mana daɗi.

Ga inda muke yanzu, kuma ba zan sa maka sukari a ciki ba. Inna ba ta warke ba. Huhun ya lalace, tukunyar iska ce take taimaka mata. Likita Ko ya ce wata shaƙewar tana nan tafe, ba da nisa ba. Idan ta zo hanya biyu ce. Ko a mayar da ita asibiti, a sake sa robar da ɗaurin da maganin barci, wataƙila injin ya riƙe ta har jirginku ya gama kamun kifin bana, amma ba ya jin za a sake zare robar tana da rai. Ko kuma a bar ta a gida, ya rage mata wahala da abin da yake da shi, tana sane da kanta har inda za ta kai, kuma inda za ta kai ba zai kai dawowarka ba.

Matarka tana kan ta farko, kuma kada ka ji haushinta, ni ma na daina. Ita ce take juya Inna, ita take wanke ta, ni karatun takardar magani kawai na iya. Ta ce min, “Ke za ki koma Tainan ki ci gaba da rubutu a allo. Ni ce zan tsaya a bakin tasha in ce wa mijina ga uwarka can a kan kantar kakanni an rubuta sunanta a katako.” Dattawan dangi sun zo sun sha shayi sun ce maganar babban ɗa ita ce magana, kuma babban ɗa ya riga ya yi tasa. Ni 'ya mace ce, baƙuwa mai jiran tafiya gidan wani, ko da yake Gwaggo ta ce baƙuwar nan ta daɗe har ta fara furfura. Gwaggo kanta, da take da ra'ayi a kan kowace riga a garin nan, a wannan ta yi shiru.

Sai na yi abin da na ɗauka babu wanda ya yi tunaninsa saboda ba su je jami'a ba: na tambayi mai jikin. Na shirya bayanina kamar darasi, na jira safiya lokacin da ta fi wartsakewa, na shimfiɗa mata hanyoyin biyu ba tare da na karkata ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, “Abin da yayanki ya ce.” Na ce Inna, jikinki ne, ke za a ɗaure. Ta ce abin da yayanki ya ce. Na sake juyo tambayar ta wata fuska, ta rufe ido ta ce na cika tambaya, shi ya sa har yau babu wanda ya ɗauke ni. Na tashi na fita tsakar gida na tsaya ina kallon tukwanen albasarta, da dukan ilimina.

Da la'asar ina matsa mata ƙafa, ba na tambayar komai don na yi fushi, sai ta yi magana tana kallon rufi kamar ba da ni take ba. Ta ce idan za a mayar da ita, in roƙa mata su bar mata hannu ɗaya, ko na hagu ne, ta yi alkawari ba za ta taɓa robar ba. Ta tara iska. Ta ce kuma in riƙa gaya mata ranar da ake ciki, don ta san saura nawa ka zo. Sannan ta ce kada in gaya maka. To ga shi na gaya maka. Za ta koma cikin abin nan idan ka ce, Yaya, ta kwanta a ƙarƙashinsa ido rufe tana jiranka, kuma ranar da ka shigo ka ce ka zo, mai yiwuwa ta ji ka, amma ba za ka taɓa sanin ta ji ba.

Da ma kana ganin kwanakin nan. Ta ƙi a mayar da ita ɗaki, sai aka kawo gadonta zauren, aka cire jan ƙyallen, don daga nan tana ganin ƙofa. Tana shan cokali biyu uku na kunun shinkafa ta ce matarka ta cika ruwa. Tana gane jiragen ruwan garin nan da ƙarar injinsu, idan wani ya shigo ta faɗi mai shi, ta ƙara da ra'ayinta a kan matarsa. Wani lokaci ƙarar wani babba takan zo daga nesa, sai in ga ta daina numfashi tana saurare, alhali ta fi ni sanin jirginka ba ya shigowa wannan tasha. Ni ma nakan dakata da abin da nake yi. Gidan nan ya yi mini yawa ba ka. Ina ta faɗar abubuwa masu kaifi babu mai dariya, babu mai ce min, “To Malama, an ji, zo ki riƙe min nan.” Na san abin da kake so, kana so ka ga fuskarta da rai, ka riƙe hannunta da ɗumi. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ni da ikon ce maka ka bar shi. Ni na samu, kai ba ka samu ba, kuma don kana can ne muka iya biyan injin tun farko.

Abin da na tuna shi ne lokacin rasuwar Baba. Kowa ya tambaye ta ko za ta sayar da ƙaramin jirginsa, kowa ta ce masa yadda kuka gani. Kai ba ka tambaye ta sau biyu ba. Ka ɗauko raga ka zauna kusa da ita kana ɗinki, ba ka ce komai ba, har rana ta juya, sai ta ce ba ta son ganin wani a cikinsa. Ni ban iya wannan ba. Ni idan na yi tambaya amsa nake jira, kai kuwa mutum kake jira.

Saboda haka ba saƙon rediyo nake roƙo ba, kuma ba cewa nake ka bi ra'ayina ba. Idan kun shiga Cape Town ka nemi waya ka kira gida, ka lissafa yadda zai zama safiyarmu. Kada ka tsaya gaisawa da ni, kada ka ce a ba ka matarka tukuna. Ka ce a ba ka Inna. Ka gaya mata ka san komai, ka ɗora laifin a kaina, na saba. Ka tambaye ta sau ɗaya. Za ta ce maka, “Abin da ka ce, ɗana.” Kada ka karɓi wannan. Ka yi shiru ka riƙe wayar, ko da za ka ji kamar layin ya yanke, numfashinta ne yake da tsawo yanzu. Duk abin da ta faɗa bayan shirun, shi zan tsaya a kai a gaban dattawa, ko da motar asibiti ce, kuma matarka ta yarda da haka.

Siu-ching tana gaishe ka, ta ce tata takardar tana cikin kunshin busasshen nama, kada ka raba wa mutane duka. Gek-ling tana gaishe ka. Gwaggo Kim-ki ta ce in gaya maka ta janye maganar shuɗiyar riga, amma ba don ta yi kuskure ba. Ka gaida ɗan Kawu, Bun-hiong, idan har yanzu yana ɗakin injinku, ka ce masa uwarsa tana lafiya tana kuma ƙorafin bai rubuto ba. Na tambayi Inna saƙonta, ta ce in tambaye ka ko kana da safa mai kauri. Shi ke nan saƙon nata, sauran duk nawa ne.

Na sa an ƙara wa wayar gida igiya, na jawo ta zauren na ajiye a kan kujera daidai hannunta na dama. Ta tambaye ni dalili, na ce wataƙila ka kira. Tun daga ranar, kowace safiya sai ta sa Gwaggo ta taje mata kai ta ɗaure, sannan ta kwanta tana fuskantar kujerar.

Ƙanwarka mai yawan tambaya,
Shu-luan